Daga Tokyo zuwa Azare: Yadda Goku ya samu gindin zama a ƙasar Katagum

A ranar 8 ga Maris, 2024, aka sanar da duniya cewa Akira Toriyama, mai zanen nan ɗan ƙasar Japan da ya ƙirƙiri labarin Dragon Ball, ya mutu tun ranar 1 ga watan yana da shekara 68. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi ta'aziyya, Ma'aikatar Harkokin Wajen Sin ma ta bayyana alhininta. A nan Arewa kuwa, iyaye da yawa ba su taɓa jin sunan mutumin ba, alhali ɗan da ya haifa da bakin alƙalami ya daɗe da shiga gidajensu ba tare da sallama ba. Sunan wannan ɗa Son Goku, mai gashi tsaitsaye da tufafin dambe masu launin lemo.

Wanda ke son ganin iyakar inda Goku ya kai, ba sai ya je Legas ko Abuja ba. Ya leƙa Azare, hedikwatar masarautar Katagum a arewacin Jihar Bauchi, garin da ɗalibai suka cika saboda Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau a maƙwabtaka. Kamar sauran biranen Arewa, nan ma akwai gidajen gem da shagunan masu tura fina-finai a waya, kuma a irin waɗannan wurare ne yaro zai iya lissafa maka abokan gabar Goku ɗaya bayan ɗaya, ko da bai san a wace nahiya Japan take ba.

Asalin jarumin

Manga shi ne sunan da Japanawa ke kiran labaran da ake bayarwa ta hanyar zane a takarda, hoto bayan hoto, ana karantawa daga dama zuwa hagu kamar yadda ake karanta ajami. Idan aka mayar da labarin zane mai motsi na talabijin, sai a kira shi anime. Dragon Ball ya fara fitowa a mujallar mako-mako ta Weekly Shonen Jump a 1984, ya ci gaba har 1995, inda ya kai babi 519 da aka tattara a littattafai 42. An sayar da kwafi sama da miliyan 260 a duniya.

Toriyama ya aro tushen labarin ne daga wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 16 da ke ba da labarin tafiyar wani malamin addinin Buddha zuwa yamma tare da Sarkin Birai, Sun Wukong. Yadda Japanawa ke furta wannan suna shi ne Son Goku. Shi ya sa Goku ya fara bayyana da wutsiyar biri, da sanda mai miƙewa, da gajimaren da yake hawa, wanda ba ya ɗaukar kowa sai mai tsarkin zuciya.

A farkon labarin, Goku maraya ne da wani tsoho mai suna Gohan ya rena a kan dutse. Ya haɗu da wata yarinya, Bulma, mai neman wasu ƙwallaye bakwai waɗanda idan aka tara su, wani ƙaton maciji mai suna Shenron zai fito ya biya wa mutum buƙata guda. Sai da labari ya yi nisa aka gano cewa Goku ba ɗan wannan duniya ba ne: ɗan ƙabilar mayaƙan Saiyan ne, sunansa na yanka kuma Kakarot.

Faɗace-faɗacen da ake tuna shi da su

Abin da ba kowane mai kallo ke lura da shi ba shi ne yawan kashin da Goku ya sha. A gasar dambe ta duniya da ya fara shiga, ya kai wasan ƙarshe amma wani tsoho mai suna Jackie Chun ya doke shi. Wannan tsoho kuwa malaminsa ne, Roshi, ya ɓad da kama ya shiga gasar don kada almajiransa su ci kofi da wuri girman kai ya shige su, su daina neman ƙari. Bahaushe ya riga ya faɗa: gaba da gabanta. A gasa ta biyu ma Tien Shinhan ya kayar da shi da ƙyar. Sai a karo na uku ya yi nasara a kan Piccolo.

Daga nan labarin ya ɗauki sabon salo a kashin da aka fi sani da Dragon Ball Z, wanda aka nuna a talabijin daga 1989 zuwa 1996 cikin kashi 291. Yayan Goku, Raditz, ya sauko duniya, kuma ba a iya kashe shi ba sai da Goku ya rungume shi ta baya, Piccolo ya harbe su tare, duka biyun suka mutu. Bayan an dawo da shi, ya kara da Vegeta, yariman Saiyan mai ji da kansa. Shi ma wannan faɗa taron dangi aka yi, domin sai da ɗansa Gohan da abokinsa Krillin da wani matsoraci mai suna Yajirobe suka sa hannu. Da Vegeta ya faɗi, Goku ya roƙi a bar shi da ransa.

Faɗan da ya fi kowanne suna shi ne na duniyar Namek, tsakaninsa da azzalumin sarki Frieza. Lokacin da Frieza ya kashe Krillin a gaban idonsa, fushi ya sa gashin Goku ya rikiɗe ya koma launin zinare, ƙarfinsa ya ninka. Wannan shi ne Super Saiyan, wanda ya fara bayyana a 1991, kuma har yau shi ne hoton da yara suka fi zanawa a bayan littattafan makaranta. Toriyama ya bayyana cewa ya siffanta Frieza ne da dillalan filaye masu haɗama da suka addabi Japan a shekarun 1980.

A yaƙin Cell, Goku ya yi abin da ba a saba gani daga jarumi ba. Ya tsaya tsakiyar faɗa ya ce ya sallama, ya miƙa wa ɗansa Gohan fagen, daga baya kuma ya ba da ransa don ya kawar da Cell daga doron ƙasa. A yaƙin Majin Buu kuwa, makamin da ya kawo ƙarshen dodon shi ne dunƙulen ƙarfi da aka tara daga dukan mutanen duniya, kowa ya ɗaga hannu ya ba da nasa. Sai da aka roƙe su ta bakin Mista Satan, wani cika-baki da jama'a suka ɗauka gwarzo ne, kafin suka yarda. A fim ɗin 2013 Beerus ya doke Goku. A gasar ƙarshe ta Dragon Ball Super ma, wadda ta ƙare a 2018, duk da gumurzun da ya yi da Jiren, wanda ya rage a fage shi ne Android 17. A wasu biranen Meziko, dubban mutane ne suka taru a dandali suka kalli wannan karawa a manyan allunan majigi, kamar ana wasan ƙarshe na cin kofin duniya.

Duk wanda ya san dambe zai gane abin da ke jan hankalin yaro Bahaushe a nan. Akwai kirari kafin a gwabza, akwai ubangida da yaransa, akwai bin gari-gari neman wanda ya fi ka, akwai kuma girmama abokin karawa bayan an yi kisa. Sunan Shago bai ɓace ba har yau saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. Goku ma haka yake: ba sarauta yake nema ba, ba dukiya ba, burinsa ya samu wanda zai gwada ƙwanji da shi. Yawancin waɗanda suka zo kashe shi, irin su Tien da Piccolo da Vegeta, sun ƙare a matsayin aminansa.

Ta ina ya shigo?

Hanyoyi uku ne suka kawo irin waɗannan labarai ƙasar Hausa. Ta farko ita ce tauraron ɗan'adam. Gidaje da yawa a Arewa sun dogara da tashoshin Larabawa na kyauta, cikinsu har da Spacetoon da aka buɗe a 2000, wadda ta nuna Dragon Ball da fassarar Larabci ta cibiyar Az-Zuhra da ke Dimashƙ, bayan an tace wasu sassa. Ta irin wannan hanya ce aka san ɗan ƙwallon zane Captain Tsubasa da sunan Kyaftin Majid.

Ta biyu ita ce faya-fayan CD da DVD masu ɗauke da kashi da yawa a faifai guda, waɗanda daga baya masu tura fina-finai suka gaje su. Yau yaro zai kai memori ko waya shago a zuba masa, shi kuma ya tura wa abokansa ta Xender ba tare da ya kashe ko kwabo a data ba. Ta uku, wadda ta fi sauran tasiri, ita ce gidan gem.

Goku a gidan gem

Tun 1986 aka fara saka Goku a wasannin bidiyo a Japan. Ɗaya daga cikin na farko, wanda aka yi wa na'urar Nintendo, da aka kai shi Amurka a 1988 sai aka sauya masa suna zuwa Dragon Power, aka kuma sauya kamannin jarumin, domin a lokacin Amurkawa ba su san shi ba.

Na'urar da ta yi wa Goku hanya a garuruwa irin su Azare ita ce PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150. Bayan Turai da Amurka sun koma sababbin na'urori, tsofaffin sun kwararo kasuwannin Afirka da araha. A kanta ne aka yi jerin wasannin Budokai daga 2002, sannan Budokai Tenkaichi 3 na 2007, mai siffofin mayaƙa 161 da za a zaɓa. Gaskiya ne cewa ƙwallon ƙafa ce sarauniyar gidan gem a Arewa, amma idan aka gaji da ita, wasannin faɗa irin su Mortal Kombat da Dragon Ball ake komawa, kuma ƙa'idar ba ta sauyawa: wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba.

Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa lamarin. Manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012, tana ba wayar Android damar buga wasannin na'urar PSP, ciki har da Shin Budokai na 2006, ko babu intanet. Akwai kuma Dokkan Battle na 2015 da Dragon Ball Legends na 2018 da aka yi musamman don waya.

A manyan na'urori, Dragon Ball FighterZ na 2018 ya shiga gasar Evo ta Las Vegas, inda Ba'amurke SonicFox ya doke GO1 na Japan a wasan ƙarshe na shekarar, shi kuma GO1 ya rama a 2019. Wasan Kakarot ya fito a 2020. Goku ya baƙunci Fortnite a 2022 da PUBG Mobile a 2023. Sparking! Zero kuwa, magajin Budokai Tenkaichi da ya fito a Oktoban 2024, an sayar da kwafi miliyan 3 cikin awa 24 na farko. Sai dai lokacin da ya fito a 2024, yana buƙatar na'ura irin PlayStation 5 ko kwamfuta mai ƙarfi, abin da ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu gidan gem, don haka yara da dama a TikTok da YouTube kawai suke ganinsa.

Abubuwan da masoya ke gwada juna da su

Masoyan Goku na da nasu kacici-kacici. Sunayen 'yan ƙabilar Saiyan duk daga kayan lambu aka samo su: Kakarot daga karas, Vegeta daga kalmar Ingilishi ta kayan lambu, Nappa daga wani nau'in kabeji. Ita kanta kalmar Saiya juyin kalmar Japananci ce, yasai, wato kayan lambu. Gohan na nufin dafaffiyar shinkafa ko abinci, Frieza kuma daga firiza.

Shahararren harbin nan na Kamehameha sunan wani sarkin tsibirin Hawaii ne, kuma matar Toriyama ce ta ba shi shawarar sunan. Gashin zinaren Super Saiyan kuwa dabarar rage aiki ce: manga baƙi da fari ake buga shi, kuma mataimakin Toriyama na ɓata lokaci wajen cike gashin Goku da baƙin tawada, sai aka bar shi fari.

Muryar Goku a Japananci ta mace ce, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, kuma ita ke yin muryar 'ya'yansa Gohan da Goten. Ranar 9 ga Mayu ita ce Ranar Goku a Japan, saboda a harshensu go biyar ne, ku kuma tara. Akwai wurin da Vegeta ya yi mamakin ƙarfin Goku: a asalin Japananci ya ce ya haura 8,000, amma fassarar Ingilishi ta ce 9,000, kuma kuskuren ne ya fi shahara. Haka nan minti biyar ɗin da Frieza ya ce sun rage duniyar Namek ta tarwatse sun ci kashi kusan goma a talabijin, domin masu shirin na jan ƙafa kada su cim ma mujallar da ke fitowa mako-mako.

Musun da ba ya ƙarewa shi ne wa zai ci wani tsakanin Goku da Naruto. Abin da masu musun ba su cika sani ba shi ne, Masashi Kishimoto mai Naruto da Eiichiro Oda mai One Piece duk sun bayyana Toriyama a matsayin wanda suka taso suna koyi da shi.

Inda gizo ke saƙa

Damuwar iyaye a kan wannan lamari tana da tushe. Lokacin da yaro ke tafiya gidan gem sau da yawa shi ne lokacin Islamiyya ko na bitar karatu, kuma kuɗin da yake biya daga na karin kumallo ko na aike suke fitowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma gidan gem da janareta yake rayuwa. Wasu sun koma sola, wasu sun ƙara farashi, wasu sun rufe. Yaran kuma sun koma waya, inda sa ido ya fi wuya, domin gidan gem yana da ƙofa da lokacin tashi, waya kuwa tana bin yaro har shimfiɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, jerin da ya fara aiki a 2022. Ma'aunin da ta bayar shi ne mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci na tsawon shekara guda. Wannan na nufin ba duk yaron da ke son gem ne ya kamu ba, amma akwai alamomin da ya kamata uba da uwa su sani. Wasu wasannin waya kuma an gina su ne a kan sayen sa'a: ka biya kuɗi ba tare da sanin wane jarumi za ka samu ba, abin da ya yi kama da caca.

Akwai kuma batun aƙida da tarbiyya. A labarin akwai halittun da ake kira alloli, akwai macijin da ke tayar da matattu, kuma sassan farko na ɗauke da barkwancin da bai dace da ƙananan yara ba. Hani kaɗai ba ya magance wannan a zamanin da kashi ɗari ke shiga memori guda. Kakanninmu sun san maganin: da suka ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da dodanni, sukan rufe da ƙurunƙus, yaro ya tashi ya san tatsuniya ya ji. Uban da ya zauna ya kalli kashi biyu tare da ɗansa ya fi wanda ya ƙwace waya sanin abin da zai gyara.

Ina namu jaruman?

Hausa ba baƙuwa ba ce a fagen labarin jarumta. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, ya yi yaƙi da Turawa ya kuma shiga duniyar aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, masana adabi sun danganta asalinsa da Ilya Muromets na tatsuniyoyin Rasha, amma ya zama ɗan gida har ba a tambayar asalinsa. Abubakar Imam ya aro labarai daga Gabas da Yamma ya saka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Abin da Toriyama ya yi da Sarkin Birai na Sin ke nan. A zamaninmu ma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun nuna cewa masu son irin wannan labari suna nan da yawa.

Abin da ya rage shi ne zane da motsi. A kudancin ƙasar nan an fara: kamfanin Comic Republic na Legas yana buga jarumansa tun 2013, Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú a 2024, Roye Okupe kuma ya ƙirƙiri Malika, jarumar da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Saudiyya ma ta sanar a 2024 cewa za ta gina filin shaƙatawa na Dragon Ball a Qiddiya kusa da Riyadh, alamar cewa harkar ta wuce wasan yara, ta zama ta maƙudan kuɗi.

Ƙasar Katagum na da nata kayan. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, ya kai yaƙi har Ngazargamu, babban birnin Borno. Akwai tarihin tsohon garin Katagum kafin a mayar da gadon sarauta Azare, akwai barade da lifidi da ake gani a hawan salla, akwai 'yan dambe da 'yan kokawa da mafarauta. A kowane aji na firamare da sakandare kuma akwai yaron da ake yi wa faɗa saboda ya cika bayan littafinsa da hoton Goku. Idan makarantun Azare suka buɗe ƙungiyoyin zane, masarauta da masu hali suka sa gasa da kyauta a kan tarihin ƙasarsu, wannan yaro ne zai fara kawo takardarsa. Shi ma Toriyama a 1978 ya fara buga zanensa, bayan ya bar aiki a wani kamfanin talla ya aika da aikinsa gasar mujalla don neman kuɗin kyauta.